Ƙaƙƙarfan ɗan gaba a hokin ƙanƙara: auna shirin matashi da abin da zai iya zama

Hokin ƙanƙara wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa, da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa da sanda mai lanƙwasasshen baki. Kowace ƙungiya na da mutum shida a fili: mai tsaron raga, 'yan baya biyu da 'yan gaba uku. Abin da ake bugawa ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri da ake kira fak, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170. Babbar gasar ƙwararru ita ce NHL ta Amurka da Kanada, mai ƙungiyoyi 32.

A cikin 'yan gaba akwai wani nau'i da masu wasan ke ce wa fawa-fowad, wato ƙaƙƙarfan ɗan gaba. Ba gurbi ba ne a jerin 'yan wasa, salo ne. Mutum ne mai jiki, yawanci tsayinsa ya kai santimita 188 ko fiye, nauyinsa kuma ya haura kilo 90, wanda ke cin raga kuma yana bangaza. Aikinsa na wuraren da ake shan wuya: jikin katangar da ta kewaye fili, kusurwoyi, da bakin ragar abokan hamayya, inda 'yan baya ke tura shi da sanda a gadon baya. Mai jiki da ba ya cin raga ba ya shiga wannan sahu, haka ma gwanin ci da ke gudun gogayya.

Cam Neely na Boston ne aka fi dangantawa da wannan suna. Bayansa akwai Eric Lindros, Keith Tkachuk, Todd Bertuzzi da Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Iginla ya ci 52 a kakar 2001–02 a Calgary, ya kuma yi ritaya da ci 625.

Inda girman jiki ke yaudara

Ƙungiyoyin NHL na zaɓar matasa sau ɗaya a shekara, kuma yaro na shiga zaɓen idan zai cika 18 kafin ko a ranar 15 ga Satumba na wannan shekarar. Ke nan ana yanke hukunci a kan ɗan shekara 17 ko 18, alhali ana biɗar abin da zai zama yana da 24. Tambayoyi biyu ne a nan, kuma masu zaƙulo 'yan wasa kan raba su. Ta farko ita ce shiri: zai iya buga wasan manya bana ba tare da ya zame wa ƙungiya kaya ba? Ta biyu ita ce iyakar da zai iya kaiwa idan komai ya tafi daidai. Yaro na iya kasancewa a shirye amma ba zai wuce sahu na uku ba har ya tsufa (ana raba 'yan gaban ƙungiya sahu huɗu na mutum uku-uku, na ɗaya ne mafi gwaninta), wani kuma bai shirya ba amma tauraro ne a ɓoye.

Ƙaƙƙarfan ɗan gaba ya fi kowa rikita wannan lissafi. A gasar matasa ta Kanada, inda 'yan shekara 16 zuwa 20 ke karawa, yaro mai kilo 95 zai sa kafaɗa ya ture ɗan bayan da bai kai kilo 75 ba, ya nufi raga kai tsaye. Yana ci, ana tafa masa, kuma babu abin da ya tilasta masa ya koyi ɗaga kai ko sakin fak da wuri. Ranar da ya shiga NHL sai ya tarar da 'yan baya masu irin jikinsa, sun fi shi sauri, sun kuma shekara goma suna tare irinsa. Makamin da ya dogara da shi ya zama na kowa. Ƙaramin yaro kuwa tun yana 12 yake koyon kauce wa manya, saboda haka sau da yawa yakan riga babban sabawa.

Akwai kuma batun jikin kansa. Yaron da ya yi tsawo da sauri yakan ɗauki lokaci kafin ƙafafunsa su saba da tsawon. Yana tsayuwa a miƙe maimakon ya durƙusa, takunsa na fita gajeru, kuma nauyin da aka yaba masa shi ne ke gajiyar da shi.

Abin da ake dubawa

Ƙafa ce farko. Ba gudun dogon zango ake nufi ba, domin dogo yakan yi sauri idan ya samu fili. Taku uku na farko daga tsaye ake kallo, da yadda yake juyawa a kan gefen ƙarfen takalmi ba tare da ya yi faɗin kwana ba. Filin NHL tsawonsa mita 61 ne, faɗinsa mita 26, alhali babban filin Turai faɗinsa mita 30 ne. Wannan mita huɗun da aka rage na nufin ɗan baya zai iso gare shi kafin ya gama tunani.

Na biyu shi ne wasan katanga, kuma a nan ne koci ke yanke shawarar ko zai amince da yaro. Misalin da aka fi gwada shi da shi: ƙungiyarsa na cikin matsi, ɗan bayansu ya zagayo da fak ta jikin katanga zuwa gefensa, ɗan bayan abokan hamayya kuma na tahowa a guje daga bayansa. Wanda ya shirya yana waiwayawa sau ɗaya ko biyu kafin fak ya iso, ya san inda kowa yake. Yana tare fak da takalmi ko bakin sanda, ya juya ƙugunsa ga mai tahowa, ya lanƙwasa gwiwa, ya miƙa wa ɗan tsakiya ko ya tura fak waje da layin shuɗi, wato iyakar yankinsu na tsaro. Wanda bai shirya ba yana zuba wa fak ido har ya iso, sannan ya ɗaga kai. A lokacin an riga an manna shi da katanga, fak ya koma hannun abokan hamayya a yankinsu na kai hari. Irin wannan kuskure ba ya fitowa a jadawalin maki (jimillar ci da bayarwar da aka ci), amma shi ke mai da matashi benci.

Kare fak ma haka yake. Daidai shi ne jiki ya shiga tsakanin ɗan baya da fak, sanda na can nesa, wani lokaci da hannu ɗaya, ɗaya hannun na tokare abokin karawa. Amma riƙewar ba ita ce manufa ba. Matasa da yawa na iya riƙe fak daƙiƙa biyar a kusurwa ba su yi komai da shi ba. Abin da ake so shi ne ya fito da shi daga katanga zuwa tsakiya, gaban raga, inda mafi yawan ci ke fitowa.

A bakin raga ayyuka uku ne: ya tare wa gola gani, ya karkata fak ɗin da aka harbo da bakin sanda, ya kuma rigaya kowa ga wanda gola ya amayo. Ragar ƙarama ce, faɗinta mita 1.83, tsayinta mita 1.22, kuma gola ya cike yawancinta, don haka hannu mai laushi a ƙuntataccen wuri ya fi harbi mai ƙarfi amfani. Kuskuren da aka saba gani shi ne tsayawa a gefen gola maimakon gabansa, ko barin bakin sanda a sama inda ɗan baya zai ɗage ta.

Bangaza kuwa, wadda 'yan kallo suka fi so, ita ce mafi sauƙin koya kuma mafi saurin jawo asara. Wanda ya bi mutum don ya buge shi bayan fak ya wuce ya fitar da kansa daga wasa. Dukan kai, tura mutum cikin katanga ta baya, ko tahowa da gudu daga nesa, duk suna kai mutum kujerar hukunci na minti biyu ko biyar, ƙungiyarsa ta rage mutum ɗaya.

Saura numfashi. Ɗan gaba na shiga fili na kimanin daƙiƙa 45 ya fita, ya sake shiga, haka har wasa ya ƙare, kuma kakar NHL ta daɗe tana da wasa 82 tare da dogayen tafiye-tafiye. A gwajin da ake yi wa matasa a Buffalo kafin zaɓe akwai tuƙa keke da iyakar ƙarfi na daƙiƙa 30. Masu kallo da idon basira kan lura da daƙiƙa goman ƙarshe na kowace shiga: idan yaro ya miƙe tsaye ya daina taku, jikinsa bai kai ba tukuna.

Maki ma ana tace su. Ana ware waɗanda ya samu lokacin da ɓangarori ke biyar da biyar (ban da masu tsaron raga) daga waɗanda ya samu lokacin da abokan hamayya ke da mutum a kujerar hukunci, ana kuma duba ko da manya ya kara ko da sa'anninsa. Maki 10 a babbar gasar Finland ga ɗan shekara 17 na iya fin maki 60 a gasar yara nauyi.

Ina za a ajiye shi?

Bayan zaɓe, dokoki ne ke taƙaita zaɓin ƙungiya. Kwantiragin farko na ɗan shekara 18 zuwa 21 shekara uku ne. Idan yana 18 ko 19 kuma bai buga wasan NHL goma ba, shekarar ba ta ƙirguwa, kwantiragin ya matsa gaba. Shi ya sa ake yawan ganin an gwada yaro wasa tara a watan Oktoba sannan a mai da shi. Shekaru da dama yarjejeniyar da ke tsakanin NHL da gasar matasa ta Kanada ta hana tura 'yan ƙasa da 20 na wannan gasa zuwa AHL, gasar da ke ƙarƙashin NHL. Wannan ya fi cutar masu jiki: gasar yara ta yi musu kaɗan, ta manya ta yi musu yawa, matsakaiciyar kuma a rufe. Wanda aka zaɓo daga ƙungiyar Turai bai da wannan shinge.

Haɗarin riƙe shi a sama shi ne a sa shi sahu na huɗu, minti takwas zuwa goma a wasa, a ce ya je ya yi bangaza kawai. Yana daina riƙe fak don tsoron kuskure, kuma bayan shekara biyu ƙungiya ta wayi gari da ɗan dako maimakon mai ci. Haɗarin mai da shi ƙasa kuma shi ne ya ci gaba da cin nasara da ƙarfin tuwo, halayen da ake son ya bari su ƙara zama masa jiki.

Juraj Slafkovský

Slafkovský misali ne na wannan lissafi. An haife shi a Košice ta Sulobakiya ranar 30 ga Maris 2004. A kakar 2021–22 yana buga wa TPS ta birnin Turku a Finland, inda ya ci 5 ya bayar aka ci 5 a wasa 31. Abin da ya ɗaga shi gasar Olamfik ta Beijing ce a Fabrairun 2022: ci 7 a wasa 7 yana ɗan shekara 17, aka ba shi gwarzon gasa, ƙasarsa ta samu tagulla, lambarta ta farko a hokin Olamfik. Sai dai 'yan wasan NHL ba su halarci wannan gasa ba, abin da ya kamata a sa a ma'auni.

Montreal Canadiens ta zaɓe shi na ɗaya a Yulin 2022, a gaban Shane Wright da aka daɗe ana tsammanin shi zai zo farko. Zaɓin abin da zai iya zama ne aka yi, ba na shiri ba. Ƙungiyar na da damar tura shi Laval Rocket ta AHL, amma ta riƙe shi. Ya buga wasa 39, ya ci 4, maki 10, kafin raunin ƙafa ya kawo ƙarshen kakarsa a Janairun 2023. Abin da aka yi ta gani shi ne wanda aka bayyana a sama: kai a ƙasa, ana buge shi yana riƙe da fak, mutum mai santimita 191 na faɗuwa a hannun waɗanda ya fi girma.

Kaka ta biyu ma a hankali ta fara. Koci Martin St. Louis bai rage masa lokaci ba, ya ma haɗa shi da Nick Suzuki da Cole Caufield a sahu na ɗaya. Aikin da aka ba shi a fili yake: ya ƙwato fak a katanga, ya miƙa wa gwanaye biyun, ya nufi bakin raga. Ya gama da ci 20 da maki 50 a wasa 82, mafi yawansu a rabin kakar na biyu. A ranar 1 ga Yuli 2024 ya sa hannu a kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 60.8.

Jinkirin da aka saba gani

Tarihin wannan salo cike yake da ƙungiyoyin da haƙurinsu ya ƙare da wuri. Vancouver ta zaɓi Neely na tara a 1983, ta sallama shi ga Boston a 1986 yana ɗan shekara 21. A kakarsa ta farko a can ya ci 36, a 1993–94 kuma ya ci 50 a wasa 49 kacal. New York Islanders ta rabu da Bertuzzi a 1998, ya je Vancouver ya ci 46 a 2002–03. Tage Thompson ya ci 7 a wasa 65 a kakarsa ta farko a Buffalo, aka mai da shi ɗan tsakiya a 2021, ya ci 38, sannan 47. Valeri Nichushkin ya buga wa Dallas wasa 57 a 2018–19 bai ci ko ɗaya ba, aka biya shi aka sallame shi, ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da Colorado a 2022. Quinton Byfield, na biyu a zaɓen 2020, ya karye a idon sawu kafin kakar 2021–22 ta fara, kuma sai a 2023–24 ya kai ci 20 a Los Angeles.

Waɗannan su ne aka tuna domin sun yi nasara. Masu jikin da aka jira shekara biyar ba su zama komai ba sun fi su yawa, kuma yawanci ƙafa ce ko saurin tunani ya ci amanarsu, ba ƙarfi ba. Ƙarshen ma yakan zo da wuri ga masu wannan salo. Ciwon gwiwa da na ƙugu ne suka tilasta wa Neely barin wasa a 1996 yana da shekara 31, Lindros kuma bugun kai da ya yi ta samu ne ya cinye masa mafi kyawun shekarunsa.