Idan Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu a Sararin Jos

Wai akwai jirgin saman da mutum ke haɗawa da hannunsa?

Akwai. Kamfanin Van's na Amurka yakan sayar da sassan jirgi a akwatuna, mai shi ya yi ta haɗawa a garejinsa. Jirgin da sojojin samanmu suka yi horo da shi, Air Beetle, a Kaduna aka haɗa shi bisa samfurin RV-6A na wannan kamfani. Inji ɗaya gare su, shi ya sa mutuwarsa ba ƙaramin lamari ba ce.

In injin ya mutu, jirgin faɗowa yake kamar dutse?

Ko kusa. Fukafukai ne ke riƙe da jirgi, aikin inji ja kawai. Jirgi kamar Cessna 172 yakan ci mita 9 gaba a duk mita 1 da ya sauko. Sai dai a Jos lissafin na da tarko. Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang yana kusan mita 1,290 sama da teku. Idan agogon tsayi ya nuna mita 2,000 sama da teku, kimanin mita 700 ne kacal tsakaninka da ƙasa, wato tafiyar kilomita 6. Ga iskar tudu ba ta da kauri, jirgi kan taɓa ƙasa da gudun da ya fi na Legas.

Me ke kashe injin?

Sau da yawa mai ne: ya ƙare, ko ruwa ya shiga tanki, ko an murɗa famfo zuwa tankin da ba komai. Zanzaro ma kan toshe ramin shaƙar iskar tanki da laka, mai ya daina gangarowa. A damina ƙanƙara kan taru a kafireto, wato inda mai ke gauraya da iska, ko da ba a jin sanyi.

To me matuƙi zai fara yi?

Ya sunkuyar da hancin jirgi nan take don kada gudu ya ƙwace masa. Sannan ya zaɓi fili, ya gwada tayar da inji, ya yi kiran neman agaji na Mayday a tashar rediyon gaggawa ta 121.5, ya sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke nuna jirgi ga masu kula da zirga-zirgar sama. Abin da na fi jin tsoro shi ne mutuwar inji jim kaɗan bayan tashi. Zuciya za ta ce juya ka koma fili, kuma wannan juyin ya ci rayuka da dama, domin a wajen juyawa fiffike ke sakin iska jirgi ya kife. A sauka gaba, ko da cikin ciyawa ne.

Ina ake sauka a ƙasa mai duwatsu irin tamu?

A guji kududdufan kuza da wayoyin lantarki, waɗanda ba a hango su sai an zo dab. Turakunsu ake nema da ido. Gonar dankali za ta yi, amma a bi tsawon kunya, kada a gitta ta, in ba haka ba tayar gaba ta maƙale jirgi ya wuntsila. Kafin taɓa ƙasa a rufe mai, a kashe wuta, a ɗaure bel tam, a ɗan buɗe ƙofa don kada ta lanƙwashe ta kulle mutum a ciki.