Bidiyon Zolaya a Wayar Yara: Wanne Za a Bari, Wanne Za a Hana?

Bidiyon da ake ɗana wa mutum tarko a ɗauki firgitarsa ko kunyarsa, wanda matasa ke kira firank, ya cika TikTok da YouTube da Facebook. A Kano yawancin yara a wayar mahaifiyarsu ko ta yayyensu suke kallonsa, bayan an taso daga Islamiyya. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi a kansa.

Ai wasa ne. Mene ne abin damuwa?

Zolaya ba baƙuwarmu ba ce. Akwai wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Kanawa da Zage-zagi, ga kuma Tashe a watan azumi. Sai dai a duk waɗannan, wanda ake tsokana ya san wasa ake, yana da damar ramawa, kuma akwai iyakar da ba a tsallakewa. Shi kuwa firank, ribarsa tana kan rashin sanin wanda aka yi wa. Gwargwadon razanarsa, gwargwadon yawan masu kallo, masu kallon nan kuma su ne kuɗin. Shi ya sa tashar da ta fara da macijin roba, sannu a hankali za ka same ta tana wasan garkuwa da mutane. Abin da ya ba da dariya jiya ba ya isa yau.

To da me zan auna ko bidiyo ya dace?

Da tambaya biyu. Ta farko: idan yaronka ya kwaikwayi wannan gobe a tsakar gida, a kan ƙanwarsa ko kakarsa, me zai faru? Kada ka tsaya a yadda abin ya ƙare a bidiyon, domin can an yanke wurin da ya ɓaci, wataƙila ma an shimfiɗa katifa inda kyamara ba ta nunawa. Ka auna da simintin gidanka. Janye wa mutum kujera yana shirin zama abin dariya ne a waya, amma a ƙasa yana iya zama buguwar ƙeya ko ciwon baya mai daɗewa. Haka zuba ruwan sabulu a kan tayil, ko cika wa yaro barkono a abinci, ko sa masa leda a kai.

Ta biyu: wa ake yi wa dariya, kuma shi ma ya yi dariyar? Duba fuskarsa bayan an ce masa wasa ne. Akwai dariyar wanda ya ji daɗi, akwai yaƙen wanda aka kunyata ba shi da yadda zai yi. Sannan duba ko waye. Idan kullum almajiri ne, ko yarinya mai talla, ko ɗan ga-ruwa, ko makaho, ko mai taɓin hankali, to abin da yaron ke koya shi ne wanda ba shi da gata abin wasa ne. Wannan, a ganinmu, ya fi jini da ashar ɓarna, domin ba ya tayar wa iyaye hankali, sai ya daɗe yana shiga ba a lura ba. Irin wanda ake miƙa wa mabuƙaci kuɗi a fizge, ko a sa shi rawa kafin a ba shi, duk yana cikin wannan layin ko da an ƙare da kyauta.

Bidiyon da ya tsallake tambayoyin biyu, kamar wanda aka yi kek mai kamar takalmi, ko aka sauya wa aboki cokali da ƙarami kowa ya yi dariya, babu laifi.

Yaya ake dubawa a aikace? Ba ni da lokacin kallon komai.

Ba bidiyo ɗaya-ɗaya za ka tace ba, tashar za ka tace. Buɗe ta, ka zaɓi bidiyo biyar: uku mafi sabunta, da biyu da suka fi yawan masu kallo. Sababbin suna nuna inda tashar ta dosa, masu farin jinin kuma su ne waya za ta fara miƙo wa yaro. Kalli kowanne har ƙarshe, domin abin da ya fi muni a ƙarshe ake ajiye shi. Idan dogo ne, ƙara saurinsa ninki biyu. Kada ka kashe sauti. Sau da yawa hoton lafiya lau, zagin uwa da batsa suna cikin magana ko waƙar da aka ɗora, wani lokaci da Turancin buroka.

Daga nan leƙa sharhin da ke ƙasa, ka ga su waye masu kallon da irin bakinsu. Sai abin da aka fi mantawa: bidiyon da ke biyo baya. Wanda ka amince da shi na iya zama mai tsabta, na bayansa ya zama na tsiraici ko tallan caca. Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa tasha guda, amma a sake dubawa bayan wata ɗaya ko biyu.

Waɗanne ne za a hana ba tare da dogon tunani ba?

Duk wanda aka fito da makami, ko na roba ne. Duk wanda ake kwaikwayon fashi, ƙwacen waya ko satar mutum. Mai wuta, ruwan zafi, lantarki, shaƙe wuya, ko tsorata mutum a bakin titi. Da wanda ake gaya wa yaro an yi mutuwa ko za a yar da shi don a ɗauki kukansa.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A 2017 a jihar Minnesota ta Amurka, wata matashiya ta harbe saurayinta har lahira suna ɗaukar bidiyo, sun ɗauka littafi mai kauri zai tare harsashi. A shekarar dai, wasu ma'aurata a Maryland da ke zolayar 'ya'yansu har su yi kuka sun rasa riƙon biyu daga cikinsu. A 2021 a birnin Nashville, an harbe wani saurayi ɗan shekara 20 da ya tunkari mutane da wuƙa da sunan wasan fashi. YouTube da kansa ya tsaurara dokarsa a Janairun 2019 kan irin waɗannan, amma har yau suna sulalewa. Ka kawo abin gida: a garin da ƙwacen waya ya addabi jama'a, yaron da ya fizge waya a Kantin Kwari ko Sabon Gari da sunan wasa, ihun "ɓarawo" ɗaya ya isa a rufar masa kafin ya buɗe baki.

An ce yawancinsu shiri ne. Wannan bai rage illar ba?

Gaskiya da yawa shiri ne. Alamominsa: ana ɗauka ta kusurwa biyu ko uku, muryar wanda aka "shammata" tana fita tar kamar an maƙala masa makirfo, fuskoki ɗaya ke ta maimaituwa. Amma ƙaramin yaro bai san wannan ba. Shi abin da ya gani, an yi kuma ba wanda ya ji ciwo. Don haka na shiri ma yana iya fin haɗari wajen kwaikwayo. Ga yaron da ya kai shekara tara ko goma, nuna masa waɗannan alamomin yana da amfani ƙwarai.

Daga shekara nawa za a bari?

TikTok da Facebook da YouTube duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusun kai. Ƙasa da shekara bakwai, shawararmu a bar firank gaba ɗaya, domin ba su gama bambance wasa da gaske ba. Daga bakwai zuwa sha biyu, sai tashoshin da aka tace, kuma a falo, ba a ɗaki da abin kunne ba.

Akwai saitin da zai yi min wannan aikin?

Akwai mai taimakawa, babu mai ɗauke maka. Manhajar YouTube Kids tana da rukuni uku: shekara huɗu zuwa ƙasa, biyar zuwa takwas, tara zuwa sha biyu. Mafi ƙarfi a ciki shi ne zaɓin da yaro ba zai ga komai ba sai abin da ka amince da shi da hannunka, a kuma kashe masa wurin bincike. A YouTube na manya, kunna Restricted Mode a cikin saiti, ka kashe kunna bidiyo na gaba da kansa. TikTok na da Family Pairing, wanda ke haɗa wayarka da ta matashi ka iyakance masa lokaci. Family Link na Google kuma yana hana sauke manhaja sai da izininka.

Ga inda duk wannan ke faɗuwa a Kano: bidiyo da yawa ba ta YouTube ko TikTok suke shigowa ba. Ta Xender ake turawa, ko ta WhatsApp, ko a kai memori wurin masu tura fim a cika shi. Babu saitin da ke tace waɗannan. Sai ka buɗe ma'ajiyar bidiyon wayar da kanka, kuma ka kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp. Idan za a cika memori, babba ya je, ya faɗi abin da yake so.

Me addini ya ce?

Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya har ya firgita, sai Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Akwai kuma gargaɗi mai tsanani ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya, da hanin nuna wa ɗan'uwa makami, ga aya ta 11 a Suratul Hujurat da ta hana izgili. Masu wasan "na sake ki" don ɗaukar kukan matarsu su tuna cewa saki yana cikin abubuwa uku da wasansu gaske ne.

Yarona ya riga ya fara kwaikwayo. Me zan yi?

Kada ka fara da duka ko ƙwace waya cikin fushi, domin zai koma kallo a wayar abokai, inda ba ka gani. Zaunar da shi, ku kalli bidiyon tare, ka tsayar a daidai fuskar wanda aka yi wa, ka tambaye shi: "Da Hajiya ce aka yi wa haka, ya za ka ji?" Idan ya tsorata ƙaninsa, ya ba shi haƙuri a gabanka. Sannan toshe tashar, ka goge tarihin kallo, domin da shi waya ke zaɓo masa na gaba. In kuwa shi ne ya firgita, yana ƙin kwana shi kaɗai ko fitsarin kwance ya dawo, a yanke kallon gaba ɗaya, a bayyana masa cewa shiri ne. Idan an yi makonni abin bai lafa ba, a kai shi wurin likitan yara.