Sababbin 'yan wasa da masu sauya sheƙa a hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka: ga amsoshin, a daina maimaita tambaya

Duk shekara, da zarar an gama gasar Frozen Four, wato wasannin ƙarshe na cin kofin ƙasa na hokin jami'o'i, a watan Afrilu, wayata ba ta hutawa. 'Yan uwanmu mazauna Minnesota da Michigan da Ontario, waɗanda 'ya'yansu suka tashi da takalmin sulu a ƙafa, su ne masu kiran, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Na tara su a nan. Wanda ya sake kira da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, ya aka yi ana kiran yaro ɗan aji ɗaya alhali ya kai shekara 20?

Haka tsarin yake a ɓangaren maza. Yawancinsu in sun gama sakandare sai sun yi shekara ɗaya ko biyu a gasar matasa, irin USHL ko NAHL a Amurka, ko BCHL a yammacin Kanada, kafin jami'a ta kira su. Kar a kawo mini zancen Macklin Celebrini. Na san ya shiga Jami'ar Boston yana ɗan shekara 17, ya ci kyautar Hobey Baker, ta gwarzon ɗan wasan hokin jami'a na shekara, a 2024, ƙungiyar San Jose ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada. Irinsa ba a samunsa kullum, ka daina auna ɗanka da shi.

Mata fa?

Su galibi daga sakandare suke wucewa kai tsaye.

Koci ya yi wa ɗana alkawari da baki. Shi ke nan ya samu gurbi?

A'a. Sau nawa zan faɗa? A wurinmu alkawari kaya ne, amma a dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, alkawarin baki bai ɗaure kowa ba, ko kocin ko yaron. Ana iya ce masa ya ƙara shekara a gasar matasa, ana iya janyewa gaba ɗaya, kocin da ya yi alkawarin ma yana iya barin aikin wani ya zo da nasa mutanen. Tsohuwar takardar da ake sa hannu a kai, National Letter of Intent, an soke ta a manyan jami'o'i, wato na rukunin farko, a Oktoba 2024. Yanzu abin dogaro shi ne rubutacciyar yarjejeniyar tallafin karatu daga makarantar. In ba ka riƙe ta a hannu ba, kar ka tara mutane walima.

Mene ne wannan fotal da ake ta faɗa?

Rajista ce a kwamfuta wadda NCAA ta buɗe a Oktoba 2018. Ɗan wasan da ke son sauya makaranta yana sanar da ofishin kula da dokoki na jami'arsa, a sa sunansa, daga nan sauran kociyoyi suna da damar yi masa magana. Da can mai sauya sheƙa sai ya zauna shekara guda ba wasa. A 2021 aka yafe zaman a sauyin farko, a 2024 aka yafe shi ko sau nawa mutum ya sauya, muddin karatunsa na tafiya daidai.

Wai da gaske 'yan gasar Kanada sun shigo?

Da gaske. Shekara da shekaru NCAA na ɗaukar duk wanda ya buga CHL, babbar gasar matasa ta Kanada, wato gasannin OHL da WHL da QMJHL, a matsayin ƙwararren da ya riga ya fita daga sahun ɗalibai. A Nuwamba 2024 aka sauya dokar, ta fara aiki 1 ga Agusta 2025. Nan da nan Gavin McKenna ya bar ƙungiyar Medicine Hat ya tafi jami'ar Penn State, Porter Martone ya bar ƙungiyar Brampton ya tafi jami'ar Michigan State. Ku fahimci abin da wannan ke nufi ga ɗanku: ƙungiyoyin rukunin farko na maza 60 ne da 'yan kai, ba a ƙara kujeru ba, masu neman kujerun ne suka ƙaru, kuma waɗanda suka ƙarun gwanaye ne.

Ɗana ya gama shekarar farko yana zaman benci, yanzu an kawo sababbi biyu a gurbinsa. Ya shiga fotal ko ya haƙura?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai. Ka saurara har ƙarshe kafin ka yanke.

Da farko a yi lissafi, a ajiye zuciya gefe. A kowane wasa koci na sa wa mutum 19 riga ban da masu tsaron gida. Jami'o'in da suka shiga yarjejeniyar House, wato sulhun ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan biyansu kuɗi, wadda kotu ta amince da ita a Yuni 2025, an ƙayyade musu 'yan wasa 26. Ke nan kowace Juma'a da Asabar akwai lafiyayyun yara da ke kallo daga saman kujeru. Ɗan aji ɗaya ya kasance cikinsu ba abin kunya ba ne. Abin dubawa shi ne su wane ne ke gabansa kuma yaushe za su tafi. In 'yan baya uku na kammala karatu bana, wani kuma ana jin zai sa hannu da ƙungiyar NHL, to sababbi biyun nan mai yiwuwa cike giɓi kawai suka zo yi. In kuwa duk waɗanda ke gabansa 'yan aji biyu ne, sannan aka ƙaro wani babba daga fotal mai shekara 23 da ke riƙe sanda ta hannun da ɗanka ke riƙewa, to an gaya muku magana ba tare da an buɗe baki ba. In gola ne, lamarin ya fi tsanani, raga ɗaya ce kuma koci in ya samu wanda ya yarda da shi ba ya yawan canzawa.

Na biyu, yaron ya je da kansa ya tambayi kocin a taron ƙarshen kaka: ina ka ke ganina baɗi? Shi zai je. Alhaji, kai kar ka je, kar ka buga waya. Na san zuciyar uba, amma a can koci na ɗaukar kiran uba alamar yaron bai girma ba. Wasu kociyoyin za su faɗi gaskiya, wasu za su yi ta kewaye. Kewayen ma amsa ce, ko da yake ba koyaushe ba, don wani lokacin shi kansa kocin bai san wa zai tafi wa zai zauna ba sai bazara ta yi nisa.

Na uku, kuma nan ne nake ɗaga murya: da sunan yaro ya shiga fotal, makarantarsa na da ikon yanke tallafin karatunsa a ƙarshen zangon, kuma ba dole ba ne ta karɓe shi in ya dawo. Shiga fotal ba samun sabuwar makaranta ba ne. Akwai masu shiga su yi ta jira wayar ba ta yi ƙara ba. Kar a saki reshe a kama ganye. Sannan darussan da ya ci ba lallai sabuwar jami'a ta amince da su duka ba, sai ka ga digirin shekara huɗu ya ja, alhali digirin shi ne abin da yawancinsu za su ci abinci da shi. Akwai kuma ƙayyadaddun kwanakin da ake buɗe rajistar, ana yawan sauya su, don haka a tambayi ofishin dokoki na makarantar, ba a dogara da abin da aka yi bara ba.

Duk da haka ba zan ce sauya sheƙa kuskure ba ne. Isaac Howard ya yi shekara ɗaya a Minnesota Duluth abin bai karɓe shi ba, ya koma Michigan State a 2023, a 2025 shi ya ci Hobey Baker. Collin Graf ya bar Union ya koma Quinnipiac, a kakarsa ta farko can, 2023, suka ɗauki kofin ƙasa. Sai dai Howard tun kafin ya shiga jami'a an riga an zaɓe shi a zagayen farko na NHL, ko'ina ya nufa ƙofa a buɗe take. Yaron da bai buga wasa goma ba a kaka, ba shi da bidiyon da zai nuna wa kowa. A ganina, in yana jin daɗin karatunsa, kuma lissafin ya nuna gurbi zai buɗe nan da shekara, da sabon gini gara yaɓe. In koci ya faɗa masa ƙarara cewa ba ya cikin shirinsa, ya tafi, kuma kar ya raina ƙaramar makaranta ko rukuni na uku in a can ne zai taka ƙanƙara. Tsakanin waɗannan biyun, ku yi shawara a gida, ku yi istihara, amma yaron ne zai yanke don shi zai zauna a can.

Hankalina ya tashi, an ce suna dambe a wasan nan.

Hajiya, kwantar da hankalinki. A jami'a wanda ya yi faɗa ana korarsa daga wasan, ya kuma rasa na gaba, sannan dole kowa ya rufe fuskarsa gaba ɗaya da waya ko gilashin kariya. Wasannin ma ba su da yawa, wajen 34 kafin gasar ƙarshe, inda a OHL ake yin 68. Ana bugun jiki, wannan kam ba zan ɓoye miki ba.

Harvard ko Cornell za su ba shi sikolashif na wasa?

Ba sa bayarwa. Jami'o'in Ivy League, irin su Harvard da Cornell, ƙarfin aljihun iyaye suke dubawa su taimaka. Rukuni na uku ma babu tallafin wasa.

An ce yanzu ɗalibai na samun kuɗi da sunansu. Nawa ɗana zai samu?

Wannan ce tambayarka ta farko ga yaron da bai ci ƙwallo ko ɗaya ba tukuna? Tun Yuli 2021 an halatta musu kuɗin talla, gaskiya ne, amma a hoki 'yan ƙalilan ne ke ganin abin kirki. In kuma ɗanka daga Kanada ya shigo da bizar ɗalibi ta F-1, tana da sharuɗɗa masu tsauri kan aikin kuɗi a cikin Amurka. Kar ya sa hannu a kan komai sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa ya karanta takardar.