A Japan takobin ne ke da takarda, ba mai shi ba

In aka ce maka mutum talatin sun taru a ɗaki ɗaya a Tokyo, ga takubba masu kaifi zare a kan tebur kuma babu ɗan sanda ko ɗaya a bakin ƙofa, za ka ce ai ƙasar ba doka ke nan. To akwai, kuma mai tsauri ce, sai dai ta ɓullo wa abin ta wata hanya daban.

Irin wannan zama suna ce masa kantei-kai. Ana jera takubba kamar biyar, an rufe gindin ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, don a nan ne maƙerin ke sassaƙa sunansa, sai kowa ya zo bi da bi ya ɗan rusuna wa takobin, ya ɗaga shi ya haska da fitila, ya duba lanƙwasarsa da zanen da wuta ta bari a bakin kaifin, sannan ya rubuta sunan maƙerin da yake zato a 'yar takarda ya miƙa wa alƙali. In ya dace a ce masa atari, wato ka harbo. Ba a magana da baki kusa da ƙarfen saboda kar yawu ya fantsa ya ja tsatsa, ba a taɓa shi da hannu tsirara sai da ƙyalle, ba a nuna mutum da tsininsa ko da wasa. Amma duk wannan ladabi ne na ƙungiya, ba ruwan gwamnati. Abin da gwamnati ta damu da shi shi ne wani ɗan kati da ke maƙale da jakar kowane takobi.

Dokar ta 1958 ce, a taƙaice suna ce mata Jutoho, ita ce ta haɗa bindigogi da takubba. Asalinta hani ne: ba wanda aka yarda ya mallaki takobi ko mashi mai tsawon kaifi santimita 15 zuwa sama. Wuƙa mai baki biyu kuwa tun daga santimita 5.5 an haramta, wannan an ƙara shi ne bayan harin unguwar Akihabara a Tokyo na watan Yunin 2008 da aka kashe mutum bakwai. Sai dokar ta buɗe ƙofa guda, ta ce in takobin na da daraja a matsayin kayan fasaha, a yi masa rajista, shi ke nan kowa na iya riƙe shi.

Kuma ka ji inda abin ya burge ni, ba 'yan sanda ke yin rajistar ba, hukumar ilimi ce ta kowace jiha cikin jihohin nan 47. Wato a idon hukuma takobin nan ɗan'uwan tsohon zane ne da tsohuwar tukunya. Katin sunansa torokusho, a jikinsa za ka ga lamba, da irin takobin, da tsawonsa, da zurfin lanƙwasarsa, da yawan hujin da ke gindinsa, da sunan maƙeri in akwai. Sunan mai shi fa? Babu. Shi ya sa ba jarrabawa, ba wani lasisi da za ka nema wa kanka kamar na bindigar farauta, ka shiga shago ka biya a haɗo maka da katinsa, ko kai baƙo ne. Kamar takardun mota ne, duk inda motar ta je su bi ta.

To amma akwai sharuɗɗa, kuma a nan masu zuwa taro ke yin tuntuɓe. Na farko kati ba ya rabuwa da takobi. Ka ɗauko shi za ka wurin zama, ko wurin mai wasa shi, ko za ka ba wani ya kai maka, dole asalin katin na tare, hoton kwafi ba ya wadatarwa. Na biyu sai da dalili ake fita da shi. Zuwa kantei-kai dalili ne, kai shi gyara dalili ne, atisayen iaido, wato fasahar zare takobi, dalili ne, amma "na ajiye a mota don kare kai" wannan ba dalili ba ne sam, kama ka za a yi. Kuma a hanya sai a cikin kube, a nannaɗe a jaka yadda ba za a zare shi nan take ba. Har takobin wasa ma na ƙarfen da ba ya kaifi, wanda ba ya buƙatar rajista, ba a yawo da shi haka kawai.

Sai maganar kwana 20. Ai ka san taron masu tara kaya ba ya rasa ciniki, wannan ya ga na wancan ya ƙyasa, a yi musaya a sha shayi. Duk wanda takobi ya dawo hannunsa ta saye ko kyauta ko gado, cikin kwana 20 zai aika wa hukumar ilimin da ta yi rajistar tun farko da sanarwar canjin mai shi, ba ta jihar da yake zaune ba, ta jihar da ke rubuce a katin. Aro ma da ba da ajiya suna buƙatar sanarwa, sai dai in don gyara ne ko wasawa ko nuna wa jama'a a baje koli. Wanda ya yi biris da sanarwar yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 1 ko tarar yen 300,000, kuɗin Japan. Riƙe takobi marar rajista kuwa ya kai shekara 3 ko yen 500,000.

Yanzu a ce kaka ya rasu, ana kwashe kaya a rumbu sai ga takobi ba kati. Ba a ɗauka a nufi wurin masana da shi don jin ko na wane ne. Ofishin 'yan sandan unguwa ake fara sanarwa, su ba da takardar shaidar an tsinta, da ita za a kai shi ranar tantancewa a hukumar ilimi a biya yen 6,300. Masana su duba. In an ƙera shi ta hanyar gargajiya, an ninka ƙarfe an dake an tsoma a ruwa, ya wuce ko da ya yi tsatsa. In kuwa irin na soja ne da aka yi ta bugawa da inji lokacin yaƙin duniya na biyu, ba kati, yawanci sai dai a miƙa shi a lalata, duk da kakan ne ya rataya shi.

Wannan bambanci daga 1945 ya samo asali. Da Japan ta sha kaye sojojin Amurka suka ce a tattaro duk makamai, takubba suka yi ta tafiya, wasu aka narka, wasu aka zuba a teku, wasu sojoji suka tafi da su gida tsaraba. A nan ne shahararren takobin gidan Tokugawa, tsoffin masu mulkin Japan, Honjo Masamune, ya ɓata bayan an kai shi ofishin 'yan sanda na unguwar Mejiro a Tokyo, har yau ba labari. Masana irin su Honma Junji da Sato Kanzan suka dage cewa waɗannan kayan fasaha ne, aka kafa ƙungiyar kare takubban fasaha, NBTHK, a 1948, rajista ta fara a 1951. Ita ƙungiyar ce ke da gidan adana takubba a unguwar Ryogoku a Tokyo, tana shirya irin zaman nan, kuma tana ba da nata takardun daraja, daga matakin ƙasa, Hozon, har na ƙoli, Tokubetsu Juyo. Mutane na rikita su da katin hukuma, alhali takardar ƙungiya farashi take ɗagawa kawai, ba ta halatta komai, shi kuma katin hukuma bai ce sunan da ke gindin takobin na gaske ne ba, abin da aka gani aka kwafa.

Baƙon da ya sayi takobi a babbar kasuwar Dai Token Ichi da ake ci duk shekara a Tokyo ba zai sa shi a akwati ya wuce filin jirgi washegari ba. Sai an nemo takarda daga hukumar al'adu ta ƙasa, Bunkacho, cewa takobin ba ya cikin dukiyar ƙasa da aka hana fitarwa, abin na ɗaukar wajen mako biyu, dillali ne kan yi wahalar. Katin rajistar kuma a mayar wa hukumar ilimi, don aikinsa ya ƙare a bakin iyaka. Daga nan kuma sai kai da kwastan ɗin ƙasarku.