Katin RAID: tambayoyin da suka fi yawa kafin a haɗa fayafayai

Mene ne RAID, kuma a ina kati ya shigo?

RAID dabara ce ta haɗa fayafayan ajiya biyu ko fiye su zama kamar ɗaya a idon kwamfuta, ko dai don sauri, ko don kada aiki ya tsaya idan faifai guda ya mutu, ko duka biyun. Sunan ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, inda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar da maƙalar da ta yaɗa shi a 1988. Ana iya yin haɗin da manhaja, kamar mdadm a Linux, ana kuma iya yinsa da kati na musamman da ake sokawa a ramin PCIe, wato ramin soka katuna da ke babban allon kwamfuta, a jona fayafayan a jikinsa. Katin yana da ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyarsa ta wucin gadi. Shi ke sanin fayafayai nawa ne a ƙasa. Windows ko Linux faifai ɗaya kawai suke gani. MegaRAID na Broadcom, PERC na Dell da Smart Array na HPE duk wannan aikin suke yi.

Mene ne bambancin madubi da rarrabawa?

Madubi shi ne RAID 1. Duk abin da aka rubuta a faifai na farko, a lokaci guda an rubuta shi a na biyu. Ka sa biyu masu terabait 4 kowanne, terabait 4 za ka samu, rabin kuɗinka ya tafi a tsaro. Amma idan ɗaya ya mutu da tsakar rana, masu aiki ba za su ma sani ba.

Rarrabawa ita ce RAID 0. Kati zai yanka fayil gunduwa-gunduwa, wannan gunduwar ga faifai na farko, ta gaba ga na biyu, su yi aikin tare. Waɗancan biyun za su ba ka terabait 8 da sauri kusan ninki biyu a manyan fayiloli. Sai dai babu kwafin komai. Ɗaya ya tafi, duka sun tafi, domin rabin kowane babban fayil yana cikin mamacin. Ni dai ba na yarda a sa RAID 0 sai ga abin da za a iya sake samarwa, kamar wurin aikin wucin gadi na masu tace bidiyo.

Za a iya samun sauri da tsaro a tare?

Shi ne RAID 10: a yi madubi bibbiyu, sannan a rarraba a kansu. Yana buƙatar fayafayai huɗu aƙalla, rabin wurin ne naka. Kowane madubi zai jure mutuwar ɗaya, amma idan abokan madubi guda suka mutu tare, an rasa komai. Akwai kuma RAID 5 da RAID 6, masu ajiye lissafin da ake sake gina abin da ya ɓace da shi. Na 5 daga uku yake farawa, yana jure mutuwar ɗaya. Na 6 daga huɗu, yana jure biyu. Sun fi tattalin wuri, amma sun fi nauyi wajen rubuta ƙananan abubuwa, shi ya sa masu rumbun bayanai mai yawan shige da fice suka fi karkata ga 10.

Tunda manhaja na iya yi, me zai sa a sayi kati?

A da hujjar ita ce kati yana sauke wa ƙwaƙwalwar kwamfuta nauyin lissafi. Yanzu wannan hujjar ta yi rauni, na'urorin zamani ba sa jin wannan nauyin. Abin da ya rage, kuma shi ne ainihin abin da kake biya, ma'ajiyar wucin gadin ce da batirinta.

Ga yadda abin yake. Manhaja ta ce a rubuta wani abu. Maimakon a jira faifai ya juyo ya rubuta, kati zai karɓa ya riƙe a ma'ajiyarsa, ya ce "an gama", daga baya ya jera rubuce-rubucen ya sauke su cikin tsari. A menu sunan wannan yanayin Write Back. Sauri sosai, musamman da fayafayai masu juyawa. To idan wuta ta ɗauke kafin ya sauke fa? An faɗa wa manhaja an rubuta, alhali ba a rubuta ba. Nan batir ke shigowa: yana riƙe abin da ke ma'ajiyar har wuta ta dawo. Sababbin katuna kuwa kafasita suke amfani da ita, wata 'yar ma'ajiyar wuta da ke ba da wutar 'yan daƙiƙu a kwashe komai zuwa filash, ma'ajiyar da ba ta mantuwa ko babu wuta. Idan batirin ya tsufa, kati yakan koma Write Through da kansa, wato jiran faifai, sai ka ga saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta yi nauyi ba gaira ba dalili. Duk wanda ya ce maka sabarsa ta rage gudu kwatsam, fara tambayarsa lafiyar batirin.

Sauran amfanin: tsarin aiki, wato Windows ko Linux, yana tashi daga haɗin ba tare da wata dabara ba, kuma fitilar jikin akwati za ta nuna maka wane faifai ne ya lalace, ka zare shi kwamfuta na kunne.

RAID ɗin da ke zuwa a babban allon kwamfuta fa?

Yawancinsa, kamar Intel RST, direba ne, wato manhaja, ke aikin da ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba shi da ma'ajiya mai batir. Ya isa madubin kwamfutar tebur, amma kada a ɗauke shi a matsayin kati. Kuma mai niyyar amfani da ZFS, tsarin ajiye fayiloli mai haɗa fayafayai da kansa, kada ya sa katin RAID a tsakani. ZFS so yake ya ga kowane faifai da idonsa, HBA zalla ake ba shi, wato katin da ke jona fayafayai kawai ba tare da haɗa su ba.

Yaya ake saita shi?

Ka fara da fayafayan. Su zama girma ɗaya, domin kati da mafi ƙanƙanta yake auna kowa. Su zama na saba ko na NAS, wato akwatin ajiya da ake jonawa a hanyar sadarwa, waɗanda idan suka ci karo da wuri mai wuyar karantawa sukan haƙura cikin kamar daƙiƙa 7 su sanar da kati. Na kwamfutar gida kan daɗe yana fama, har kati ya ɗauka ya mutu ya kore shi. Ka guji masu fasahar SMR, wato masu ɗora layukan rubutu kan juna, suna jan ƙafa wajen sake gini.

Bayan ka soka kati ka jona wayoyi, sabunta firmware ɗinsa, wato manhajar da ke cikin katin. Shiga menu lokacin kunnawa: a tsofaffin PERC Ctrl+R ne, a sababbin na'urori cikin saitin UEFI yake, wato menu ɗin babban allo. Zaɓi fayafayan, zaɓi mataki, ka ƙirƙiri faifan haɗin. Girman gunduwa yawanci kilobait 64 ko 256 ne, ka bar wanda ya zo da shi sai da dalili. Write Back sai da lafiyayyen batir. Idan akwai rami, ware faifai guda ya zauna a jiran ko-ta-kwana. Ka tuna ƙirƙirar haɗi tana share abin da ke kan fayafayan. Sannan ka kunna sanarwar imel. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, sai madubi ya yi wata shida da ƙafa ɗaya ba wanda ya sani.

Idan faifai ya mutu, sai me?

Ka canza shi, kati ya fara kwafe masa. Faifai mai terabait 12 a gudun megabait 200 a daƙiƙa zai ci kusan awa 17, idan ba a taɓa sabar ba ke nan. A wannan tsakanin sauran suna aiki tuƙuru, kuma galibi sa'annin mamacin ne. Shi ya sa RAID 5 da manyan fayafayai ke tsorata mutane: wani ya mutu kafin a gama, an rasa komai. Kafin ka zare, duba lambar ramin sau biyu, kada ka cire mai lafiyar.

Idan katin kansa ya mutu fa?

Bayanin haɗin yana rubuce a kan fayafayan. Ka kawo kati daga dangi ɗaya, zai gan su a matsayin baƙon tsari, Foreign Configuration, ka zaɓi Import. Kada hannunka ya kai Clear.

Wanda ke da madubi yana buƙatar wani kwafin daban?

Ƙwarai. Ka goge fayil bisa kuskure, a take ya gogu a duka biyun. Manhajar masu neman fansa ta kulle bayanai, madubi zai kwafi kullewar da aminci. Gobara da ɓarawo kuwa akwatin gaba ɗaya suke ɗauka. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, 1 daga ciki a wani wuri daban.