Sandar awon pH ta ƙasa: yadda ake aiki da ita da yadda ake kula da ita

Me ke cikin sandar nan da har take gane pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa?

A bakinta akwai ɗan ƙwan gilashi mai laushin gaske. Idan gilashin ya jiƙa, yana samar da ɗan ƙarfin lantarki gwargwadon tsamin ruwan da ya taɓa, kusan milibolt 59 ga kowane mataki ɗaya na pH a zafin digiri 25 na Celsius. Cikin sandar kuma akwai wayar azurfa zaune a ruwan gishirin KCl (potassium chloride), kuma wannan ruwa yana taɓa samfurin da ake aunawa ta wata 'yar kafa mai ƙananan ramuka da ake kira mahaɗa. Yawancin karatun ƙarya daga wurare biyun nan yake fitowa: gilashi ya bushe, ko mahaɗa ta toshe da laka.

Zan iya soka ta kai tsaye cikin ƙasa?

Sai dai in mai tsinin kai ce da aka ƙera don haka, ita ma a fara huda rami da wani abu, a jiƙa wurin da tataccen ruwa (distilled water). Mai ƙwan gilashi kuwa tsakuwa ɗaya ta isa ta fasa ta. Hanyar da ta fi inganci ita ce a shanya ƙasa a inuwa, a tankaɗe ta da rariya mai ramin milimita 2, a auna giram 10 a zuba mililita 25 na tataccen ruwa. A gauraya sosai, a bar ta ta yi minti 30, sannan a tsoma sandar har ruwan ya rufe mahaɗa, a jira lambar ta tsaya. Wasu suna amfani da ruwan gishirin CaCl2 (calcium chloride) mai ƙarfin mola 0.01 a maimakon ruwa zalla. Karatunsa yakan yi ƙasa da na ruwa da kusan rabin mataki, don haka kullum a rubuta hanyar da aka bi kusa da sakamakon, in ba haka ba kwatanta gonaki biyu ya zama shirme.

Sau nawa ake saita ta?

Kowace ranar aiki, kafin samfurin farko. A fara da ruwan saiti (ruwan da aka riga aka san pH ɗinsa) na pH 7, a ɗauraye, sai na 4. In ƙasar mai kanwa ce a ƙara na 10. Ruwan saiti da samfuri su kasance a zafi ɗaya. Wanda aka riga aka tsoma sanda a ciki kada a mayar da shi kwalba. Na 10 shi ya fi saurin lalacewa, domin yana shan iskar kabon daga sarari, lambarsa ta sauka. Bayan saiti, na'urar da sandar ke haɗe da ita takan nuna kason ingancin sandar: tsakanin 95 da 105 cikin ɗari lafiya lau ne. Ya yi ƙasa da 90, a wanke sandar a sake gwadawa.

Lambar tana ta yawo ta ƙi tsayawa. Me ya faru?

Da farko a duba ko akwai kumfar iska a cikin ƙwan. A riƙe sandar kanta ƙasa a yarfa ta a hankali kamar ma'aunin zazzaɓi. In irin wadda ake ƙara wa ruwa ce, a buɗe kafar cikawa lokacin awo, kuma ruwan ciki ya fi na samfurin tsayi. Idan duk wannan daidai ne, to laka ce ta cushe mahaɗa, abin da ƙasar yumɓu ta saba yi. A jiƙa bakin sandar cikin ruwan asid na HCl mai ƙarfin mola 0.1 na minti 15 zuwa 30, a ɗauraye, a bar ta awa ɗaya cikin ruwan ajiya na KCl, a sake saiti. Maiƙo da dattin taki kuwa ruwan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa ke cire su.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne goge ƙwan da tsumma ko takarda. Gugar tana ƙarce gilashin, tana kuma tara masa cajin da ke rikita karatu. A ɗauraye da tataccen ruwa, a ɗan dangwala takarda mai laushi ta tsotse ɗigon.

A ina zan ajiye ta?

Cikin murfinta, da ruwan KCl mai ƙarfin mola 3. In babu, ruwan saiti na pH 4 zai riƙe ta na ɗan lokaci. Tataccen ruwa na ɗauraya ne kawai: ajiya a cikinsa tana zuƙe gishirin da ke cikin sandar ta mahaɗa, ta koma mai jinkiri. Farin gishirin da ke daskarewa a bakin murfi ba matsala ba ne, ruwa ke wanke shi. Wadda ta bushe a jiƙa ta kwana ɗaya a ruwan ajiya, sau da yawa takan farfaɗo.

Yaushe ake haƙura da ita?

Ko da kulawa, shekara ɗaya zuwa biyu take yi, aikin ƙasa kuma yana rage mata kwana. Idan bayan wanki tana ɗaukar fiye da minti ɗaya kafin ta tsaya a ruwan saiti, ko a pH 7, inda ya kamata ƙarfin lantarkinta ya zama sifili, ta kauce wa sifilin da fiye da milibolt 30, lokacin sabuwa ya yi. Wadda ke nuna lamba ɗaya a ruwan 4 da na 7 kuwa, gilashinta ya tsage.