Ƙwannafi

Ƙwannafi ƙuna ce da mutum ke ji a tsakiyar ƙirji, takan hau har maƙogwaro, wani lokaci tare da gyatsa mai tsami ko ɗaci a baki. Yana faruwa ne idan abin da ke cikin tumbi ya dawo maƙoshi, wato bututun da ke kai abinci ciki, mai tsawon kimanin santimita 25 a jikin baligi. Bangon tumbi yana da yauƙi da ke kare shi daga asid ɗin da ke narkar da abinci, maƙoshi kuwa kariyarsa kaɗan ce, shi ya sa asid ke ƙona shi.

Tushen matsalar wata zagayayyiyar tsoka ce a ƙarshen maƙoshi, wadda ke buɗewa abinci ya wuce, sannan ta tsuke. Idan ta yi rauni, ko ta saki ba a lokacinta ba, sai asid ya samu hanyar hawowa. Hakan yakan yi ƙamari idan saman tumbi ya kutsa ta tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Teɓa ma tana matse tumbi, haka nan juna biyu, inda girman mahaifa ke haɗuwa da sinadarin firojestaron mai sassauta tsoka, don haka ƙwannafi ya fi damun mata a watannin ƙarshe.

Abin da ke tayar da shi ya bambanta daga mutum zuwa mutum, amma abinci mai maiƙo yana kan gaba, domin yana daɗewa a tumbi, kuma yana sassauta tsokar. Akwai kuma barkono, tumatir, lemun tsami, albasa, na'ana'a, cakulan, kofi, giya da taba sigari. Magunguna irin su asfirin da ibuprofen suna fusata bangon maƙoshi, wasu na hawan jini kuma, kamar nifedipine, suna sa tsokar ta saki.

Lokacin cin abinci ma yana da tasiri, abin da ake gani a watan azumi: cika ciki da ƙosai da sauran soye-soye a buɗa-baki, ko komawa barci da zarar an gama sahur, duk suna jawo shi, domin kwanciya tana sauƙaƙa wa asid hawowa. Saboda haka likitoci ke ba da shawarar a bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya.